Sabon Katin Hoto, Baƙar Monita: Yadda Ake Gano Inda Matsala Take a Kwamfuta

Gabatarwa

A yau makarantun sakandare da dama suna da ɗakin kwamfuta, kuma akan sami ɗalibai da malamai masu son ƙara wa na'urorin ƙarfi domin zanen gine-gine, ko haɗa bidiyo, ko wasanni. Hanyar da aka fi bi ita ce a sayo sabon katin hoto a sa. Sau da yawa kuwa murna takan koma ciki, domin a kunna kwamfuta sai monita ta tsaya baƙa ƙirin, ko kuwa ta tashi lafiya, amma da an ɗora mata aiki mai nauyi sai ta mutu. Abin da yakan fara zuwa zuciyar mai ita shi ne an sayar masa da mataccen kati. Wani ya koma kasuwa da rigima, wani ya sake kashe kuɗi, wani kuma ya yi ta kunnawa yana kashewa har wani abu ya ƙone.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa galibin waɗannan matsaloli daga ƙarancin wuta da rashin haɗa wayoyi daidai suke tasowa, katin kuwa lafiyarsa ƙalau. Haka nan za mu ga cewa hanyar gano matsalar ita ce dai wadda ake koyarwa a ɗakin gwaje-gwaje: a lura da alama, a yi hasashe, sa'an nan a gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Sassan da Abin ya Shafa

Sassa huɗu ne ya kamata mai karatu ya sani. Na farko shi ne katin hoto kansa, wanda aikinsa shi ne lissafa launin kowane ɗigo da ke fuskar monita. Monita mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye tana da ɗigo 2,073,600, kuma akan sabunta su sau 60 a kowace daƙiƙa, watau fiye da ɗigo miliyan 124 ke nan a daƙiƙa guda. Wannan ne ya sa kati mai ƙarfi yake shan wuta da yawa.

Na biyu shi ne babban faifan da ake dasa dukkan sassa a kansa, wanda masu gyara ke kira madabod. A jikinsa akwai wani dogon gurbi da ake cusa katin a ciki, mai suna PCI Express. An fitar da tsarinsa a shekarar 2003, ya maye gurbin wani tsohon tsari mai suna AGP wanda aka fara amfani da shi a 1997.

Na uku shi ne akwatin wuta, wanda a kasuwa ake ce wa fawa-fak. Shi ne yake karɓar wutar bango mai kai-komo, mai ƙarfin bolt 230, ya mayar da ita miƙaƙƙiyar wuta mai bolt 12 da 5 da 3.3. A bisa tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995, waya mai ruwan ɗorawa ita ke ɗauke da bolt 12, ja bolt 5, mai ruwan lemo bolt 3.3, baƙa kuwa ita ce hanyar komawar wuta. Na huɗu ita ce monita tare da wayar da ta haɗa ta da kwamfuta.

Ɗaliban ilmin halittu za su fi saurin fahimtar matsayin akwatin wuta idan suka tuna da zuciya. Zuciyar baligi takan harba jini kimanin lita 5 a minti ɗaya idan yana zaune, amma idan yana gudu mai tsanani bukatar takan kai lita 20 ko fiye. Mutumin da zuciyarsa ta yi rauni yana iya zama ya yi hira ba a gane komai ba, sai ranar da ya hau bene sa'an nan ya faɗi. Haka akwatin wuta mai rauni yake: yakan ɗauki nauyin rubutu da karatu, amma ya gaza da zarar katin hoto ya nemi cikakken abincinsa. Ko da ma Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Lissafin Wuta Kafin a Sayi Kati

Dokar da muke bukata mai sauƙi ce, kuma tana cikin darasin fiziks na sakandare: yawan wat daidai yake da bolt sau amfiya. Katin hoto da farosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta, kusan dukkan wutarsu daga layin bolt 12 suke ɗauka.

Kati yana samun wuta ta hanya biyu. Gurbin da ke jikin madabod yana ba da har wat 75. Idan kati yana bukatar fiye da haka, sai a ƙara masa da waya kai tsaye daga akwatin wuta. Filogi mai haƙora 6 yana ƙara wat 75, mai haƙora 8 kuwa wat 150. Saboda haka kati mai filogi ɗaya na haƙora 8 yana iya jan har wat 225. Ga misalan katunan da aka sani: GTX 1050 Ti na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2016, wat 75 yake sha, kuma galibinsu ba sa bukatar ƙarin waya. RX 580 na kamfanin AMD, na 2017, wat 185 yake sha. RTX 3060 na 2021 wat 170, RTX 4090 na 2022 kuwa wat 450. Domin kwatance, ƙwaƙwalwar ɗan Adam, duk da aikin da take yi, kimanin wat 20 kacal take amfani da shi.

Bari mu yi misali. A ce kwamfuta tana da farosesa mai wat 65, ana son a sa mata kati mai wat 170, kuma mun ƙiyasta wa sauran sassa, watau madabod da ram da ma'ajiyar bayanai da fankoki, wat 60. Jimla ta zama wat 295. Idan aka ƙara kashi 30 cikin ɗari domin rara, za a sami kimanin wat 384. Yanzu a ce akwatin wutar da ke ciki an rubuta masa wat 450 da manyan haruffa. Mai gaggawa zai ce ya isa. Amma a duba takardar da ke manne a gefensa. Idan aka ga layin bolt 12 amfiya 18 kawai yake bayarwa, to 12 sau 18 ya ba mu wat 216 ke nan, alhali farosesa da kati kaɗai suna bukatar wat 235. Wannan akwati ba zai ɗauki nauyin ba, duk da lambar da ke goshinsa. Ragowar ƙarfin nasa yana kan layin bolt 5 da 3.3, inda katin ba ya amfana da shi.

Dalilin ƙara rara shi ne, kati yakan fizgi wuta fiye da ƙimarsa na ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma akwatin wuta yakan rage ƙarfi idan ya tsufa ko ya yi zafi. Wannan ma yana cikin abin da ya sa Nvidia ta ba da shawarar akwati mai wat 550 ga RTX 3060. Haka kuma ya kamata a sani cewa ƙananan kwamfutocin ofis, irin waɗanda suka yawaita a makarantu, sau da yawa akwatin wutarsu bai kai wat 300 ba, kuma ba shi da filogin katin hoto ko kaɗan. Irin waɗannan sai ƙaramin kati wanda wutar gurbi ta ishe shi.

Alama ta Farko: Fankoki na Juyawa, Monita Ba Hoto

A nan sai a fara da abin da ya fi sauƙi. Kwamfutoci da yawa suna da ramin monita a jikin madabod, sa'an nan sabon katin ma yana da nasa a ƙasa. Idan aka sa kati, sau da yawa ramin madabod yakan daina aiki. Wajibi ne a mayar da wayar monita zuwa ramin da ke jikin katin. Wannan kuskure shi kaɗai ya sa an mayar da katuna masu lafiya kasuwa. Bayan haka a duba maɓallan monita, a tabbatar an zaɓi ƙofar da aka sa wayar a cikinta.

Abu na biyu shi ne nau'in wayar. Tsofaffin monitoci suna amfani da filogin VGA mai haƙora 15, wanda kamfanin IBM ya ƙirƙiro a 1987. Saƙon da ke bi ta cikinsa na hawa da saukar wuta ne, ba na lambobi ba. DVI ya zo a 1999, HDMI ya biyo baya, sa'an nan DisplayPort a 2006. Manyan katunan zamani sun daina fitar da saƙon VGA. Katunan Nvidia na jerin GTX 10, alal misali, saƙon lambobi kawai suke fitarwa. Saboda haka adaftar DVI zuwa VGA wadda babu komai a cikinta sai waya ba za ta yi aiki da su ba. Ana bukatar adafta mai ɗan ƙaramin inji a ciki wanda yake juya saƙon.

Abu na uku shi ne zaman katin. A kashe kwamfuta, a zare ta daga bango, a cire katin a sake cusa shi har sai an ji ƙarar makullin da ke ƙarshen gurbin, sa'an nan a ɗaure shi da sukuru. A duba filogin wutarsa, a tabbatar ya shiga har ƙugiyarsa ta kama. Idan katin yana da ramukan wuta biyu, duka biyun ake cikewa.

Kwamfuta ma takan faɗi ciwonta. Duk lokacin da aka kunna ta, takan binciki sassanta kafin ta buɗe Windows. Idan tana da ƙaramar lasifika a ciki, takan yi ƙara. A tsarin kamfanin Award, ƙara ɗaya mai tsawo da biyu gajeru na nufin matsalar tana wajen hoto. Madabod na zamani da yawa kuma suna da ƙananan fitilu huɗu, kuma idan wadda aka rubuta wa VGA ta tsaya a kunne, to katin ne ba a gani ba.

Alama ta Biyu: Kwamfuta ta Ƙi Tashi Sam

Idan aka danna maɓalli fankoki suka motsa kaɗan suka tsaya, ko babu abin da ya motsa, akwatin wuta ne yake kare kansa, ko kuwa an zunguri wata waya wajen aiki. A duba babban filogi mai haƙora 24 da ke shiga madabod, da kuma filogin farosesa.

A nan akwai haɗari da ya wajaba a sani. Filogin farosesa da na katin hoto duk suna iya zama masu haƙora 8, kuma sun yi kama, amma jerin wayoyinsu ya saɓa. Hanyar bambanta su ita ce, na farosesa yakan rabu 4 da 4, na kati kuwa 6 da 2. An ƙera bakinsu yadda ɗaya ba zai shiga ramin ɗaya ba, don haka duk filogin da ya ƙi shiga cikin sauƙi kada a tilasta shi. Haka nan, akwatunan wutar da ake cire wa waya a sake sawa, ba a haɗa wayar wani da akwatin wani, domin kamfanoni ba su daidaita jerin haƙoran da ke ɓangaren akwati ba. Yin haka yana iya ƙona kati da ma'ajiyar bayanai a lokaci guda.

Alama ta Uku: Tana Mutuwa Idan Aiki ya Yi Nauyi

Wannan ita ce alamar raunin zuciya da muka ambata. Kwamfuta tana aiki lafiya, amma da an buɗe wasa ko manhajar zane sai ta mutu nan take, ko ta sake tashi da kanta ba tare da wani saƙo ba. Abu biyu ake zargi: ƙarancin wuta ko zafi.

Ana iya raba su da gwaji. Akwai manhajoji na kyauta, irin su GPU-Z, masu nuna zafin kati. Yawancin katuna sukan rage gudu da kansu idan zafinsu ya wuce digiri 80 da ɗoriya a ma'aunin Salshiyas. Idan zafi yana hawa a hankali kafin ta mutu, kuma buɗe murfin kwamfuta da kunna mata fanka ya jinkirta mutuwar, to zafi ne. Idan kuwa tana mutuwa a daidai lokacin da aikin ya fara, katin yana da sanyi, to wuta ce. Malamin da ya iya aiki da mita yana iya auna layin bolt 12, wanda bai kamata ya sauka ƙasa da 11.4 ko ya haura 12.6 ba.

Wasu sukan nemi hanyar araha, su sayo adafta mai ɗaukar wuta daga filogin ma'ajiyar bayanai, watau SATA, ta kai wa kati. Wannan filogi wat 54 kawai aka tsara ya ɗauka a layin bolt 12, alhali katin yana iya neman 75 ko 150. Sakamakon shi ne zafi, da narkewar roba, wani lokaci har da gobara. Araha ba ta ado.

Abin da ya faru a 2022 ya isa darasi. A shekarar aka fara amfani da sabon filogi mai haƙora 16 wanda aka tsara ya ɗauki har wat 600, watau amfiya 50 a bolt 12. Bayan fitowar RTX 4090 sai aka sami rahotannin narkewar filogin a wajen wasu masu amfani da shi, kuma kamfanin ya danganta abin da rashin cusa shi har ƙarshe. Dalilin a fili yake ga ɗalibin fiziks: inda haɗi bai yi kyau ba, turjiyar wuta takan ƙaru, zafin da ke fita kuwa daidai yake da amfiya sau amfiya sau turjiya. A 2023 aka gyara fasalin filogin yadda kati ba zai ja cikakkiyar wuta ba sai filogin ya zauna sosai.

Alama ta Huɗu: Hoto ya Zo Amma Ba Daidai Ba

Idan rubutu ya yi manya-manya, ko monita tana ƙyaftawa, ko hoto ya daskare ya dawo, mai yiwuwa manhajar da ke fassara tsakanin Windows da kati ce, wadda ake kira direba. A shiga yanayin da Windows ke kira Safe Mode, a goge tsohon direba, musamman idan an sauya daga katin wani kamfani zuwa na wani, sa'an nan a sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya yi katin.

Amma idan ana ganin ɗige-ɗige masu launi ko layuka tun daga hoton farko da ke fitowa kafin Windows ta buɗe, direba ba shi da laifi, domin bai fara aiki ba tukuna. A sauya waya da monita. Idan alamar ta ci gaba, a nan ne ake da hujjar zargin katin. Ya kamata masu sayen na gwanjo su yi hattara. A watan Satumba na 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙo kuɗi, sai ɗimbin katunan da suka daɗe suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwa. Kada a biya kuɗi sai an ga katin yana aiki mai nauyi na aƙalla minti 20 a gaban mai sayarwa.

Yanayin Ƙasarmu

Akwai abubuwa huɗu da suka shafe mu musamman. Na ɗaya, wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Tsofaffin akwatunan wuta suna da wani jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Idan kwamfutar gwanjo ta zo yana kan 115 aka sa ta a bango, nan take akwatin zai ƙone.

Na biyu, na'urar riƙe wuta ta UPS da bolt-amfiya ake rubuta ƙarfinta, kuma wannan ya fi ainihin wat ɗin da take bayarwa. Mai lamba 650 ba ta cika wuce wat 390 ba. Akwatin wuta mai ingancin kashi 80 cikin ɗari, idan yana ba da wat 300, to wat 375 yake ja daga bango, ban da monita. Don haka UPS ɗin da ta ishi kwamfuta jiya tana iya gazawa bayan an sa kati. Haka ma ƙaramin janareta ko wutar gari idan ta yi ƙasa.

Na uku, zafin bazara a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Damagaram yakan wuce digiri 40, kuma ƙurar hunturu takan toshe fankoki. A riƙa hure ƙura a kai a kai. Na huɗu, busasshiyar iskar hunturu takan sa wutar gogayya ta taru a jikin mutum. Kafin a taɓa kati, a taɓa ƙarfen jikin kwamfuta, kuma a riƙe katin ta gefensa.

Ƙa'idar Gwaji

Wanda ya shuka wake a tukwane biyu domin ya gano amfanin haske, ba zai bambanta ruwa da taki da haske a lokaci ɗaya ba, domin ba zai san wanne ya kawo sakamakon ba. Haka ake yi wa kwamfuta. A mayar da tsohon kati: idan ta yi aiki, madabod da monita lafiya suke. A kai sabon katin wata kwamfuta mai isasshiyar wuta: idan ya yi aiki a can, katin ya kuɓuta daga zargi. A aro akwatin wuta mai ƙarfi a gwada: idan matsalar ta kau, an gano mai laifi. A rubuta kowane gwaji da sakamakonsa a littafi, domin ko an kai ga mai gyara, wannan rubutu zai rage masa lalube, ya rage wa makaranta asara.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Kada ɗalibi ya kuskura ya buɗe cikin akwatin wuta. Akwai manyan kafasitoci a ciki masu riƙe wuta ta ɗaruruwan bolt ko bayan an zare shi daga bango, kuma tana iya kisa. Idan aka ji ƙaurin ƙuna ko aka ga hayaƙi, a zare filogin bango nan da nan, kada a sake kunnawa.

Kammalawa

Mun ga cewa kafin a sayi katin hoto, wajibi ne a lissafa wutar da yake bukata, a karanta takardar akwatin wuta, a ƙirga filogin da ke akwai, a kuma duba irin ƙofar da monita take da ita. Idan matsala ta auku, a bi ta daki-daki daga wayar monita, zuwa zaman kati, zuwa wuta, zuwa zafi, zuwa direba. Sai an wanke waɗannan duka sa'an nan a tuhumi katin.

Tambayoyi Domin Aji

1. Akwatin wuta yana ba da amfiya 30 a layin bolt 12. Wat nawa ke nan?
2. Kati yana da filogi ɗaya mai haƙora 6 da ɗaya mai haƙora 8. Mene ne iyakar wutar da zai iya ja, haɗe da ta gurbi?
3. Kwamfuta tana mutuwa bayan minti 15 da fara wasa, amma idan aka buɗe murfinta takan kai awa ɗaya. Me kake zargi, kuma wane gwaji za ka yi domin tabbatarwa?
4. Bayyana dalilin da ya sa filogin da bai shiga sosai ba yake yin zafi.